Ciwon Dajin Bakin Mahaifa: Cutar da Ake Iya Tarewa Tun da Wuri

'Yan'uwa, da wuya a sami ƙauyen da bai taɓa binne mace irin wannan ba: tana tsakiyar ƙarfinta, shekara arba'in ko hamsin, ga 'ya'ya ga gona. Sai jini ya fara zubo mata ba lokacin al'ada ba. Ta yi shiru saboda kunya. Aka sha saiwa, aka sayi magani a kemis, aka ce ciwon sanyi ne, wasu suka ce sammu ne. Ranar da aka kai ta babban asibiti, likita ya ce an makara. Sau da yawa sunan wannan cuta ciwon dajin bakin mahaifa. Wasu suna ce mata sankarar bakin mahaifa, wasu kuma kansar mahaifa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata wajen 660,000 ne suka kamu da wannan cuta a duniya, wajen 350,000 kuma suka mutu. Cikin kowace mace 100 da ta kashe, 94 suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. A Nijeriya kaɗai, a shekarar 2020, an ƙiyasta mata 12,000 sun kamu, 8,000 sun mutu. Cikin yara biyar da ciwon daji ya raba da mahaifiyarsu, ɗaya wannan ciwon ne ya mai da shi maraya.

Amma a cikin dukan cututtukan daji, wannan yana cikin waɗanda suka fi sauƙin tarewa. An san abin da ke kawo shi. Akwai allurar rigakafinsa. Kuma yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya zama ciwo, a cikin shekarun nan ana iya ganinsa a kashe shi cikin minti kaɗan. Abin da muke so mu bayyana ke nan a wannan fitowa.

Mene ne bakin mahaifa, mene ne ciwon daji?

Mahaifa ita ce jakar da jariri yake kwanciya a ciki har wata tara. A ƙasanta akwai wata 'yar ƙofa mai kauri wadda ta leƙo cikin gaban mace. Ita ce bakin mahaifa. Ta nan jinin al'ada yake fita, ita ce kuma take buɗewa lokacin naƙuda domin jariri ya wuce.

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Kullum tsofaffi suna mutuwa, sababbi suna maye gurbinsu, komai bisa tsari. Ciwon daji yana farawa sa'ad da waɗansu ƙwayoyin suka bar wannan tsari, suka shiga yaɗuwa ba tsayawa. Sai su zama tsiro, su ci naman da ke kusa da su, daga baya su bazu zuwa mafitsara, hanji, ƙashi ko huhu.

Abin da ke kawo shi

Kusan dukan ciwon dajin bakin mahaifa yana fitowa ne daga wata ƙwayar cuta da ake kira HPV. Wani likita Bajamushe mai suna Harald zur Hausen, tare da abokan aikinsa, su ne suka gano iri biyu mafi haɗari na wannan ƙwaya a cikin naman matan da ke da ciwon, a shekarun 1983 da 1984. An ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008 saboda wannan aiki. Irin HPV sun fi 100, amma kaɗan ne suke kawo ciwon daji. Biyun nan, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ne ke kawo wajen kashi 70 cikin 100 na ciwon.

Ana ɗaukar HPV ta wurin saduwa tsakanin namiji da mace, ko da fata ce kawai ta taɓa fata a wurin. Maza suna ɗauke da ita, mata suna ɗauke da ita, yawanci ba wanda ya sani, domin ba ta sa zazzaɓi ko ƙaiƙayi. Tana da yawa ƙwarai, har masana suna cewa kusan kowane mutum da ya yi aure ko ya san saduwa zai gamu da ita wata rana a rayuwarsa.

A nan sai mu yi hankali da bakinmu. Matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta tana iya kamuwa. Ƙwayar tana iya kwanciya a jiki shekara da shekaru, tun kafin aure, ko tun daga auren fari. Saboda haka idan an sami HPV a jikin mace, wannan ba shaida ba ce cewa ta ci amanar mijinta, ba kuma shaida ba ce cewa mijin ya ci amanarta jiya ko shekaranjiya. Ba sammu ba ne, ba maita ba ce, ba kuma hukunci ba ne a kan wani laifi da ta yi. Ba a ɗaukarta ta wurin cin abinci tare, ko gaisawa, ko zama a benci ɗaya.

Yadda cutar take aiki a ɓoye

Cikin mutum 10 da suka ɗauki HPV, wajen 9 jikinsu yakan kashe ta da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. Ba su sha magani ba, ba su ma san sun ɗauka ba. A jikin sauran ne take zama. Idan ta zauna, a hankali sai ta fara canza fatar bakin mahaifa. Wannan canji ba ciwon daji ba ne tukuna, share fage ne. Mace ba ta jin zafi, ba ta ganin jini, tana zuwa gona, tana haihuwa, tana cin kasuwa.

Kowane manomi ya san ƙuduji. Kafin furensa ya fito a ga ja a gona, ya riga ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa yana shan saiwar dawa. Ran da ka gan shi, ya riga ya yi ɓarna. Haka wannan cuta take. Daga lokacin da canjin ya fara zuwa lokacin da zai zama ciwon daji, yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20. A jikin macen da garkuwar jikinta ta raunana, kamar mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau wadda ba ta shan magani, yakan ɗauki shekara 5 zuwa 10 kawai. Matan da ke ɗauke da ƙwayar ƙanjamau sun ninka sauran mata sau 6 wajen haɗarin kamuwa da wannan ciwo.

Akwai waɗansu abubuwan kuma da ke ƙara haɗari: fara saduwa da ƙuruciya, kamar yadda yake faruwa a auren wuri, domin bakin mahaifar ƙaramar yarinya bai yi ƙwari ba, ɗaukar ciki na fari da ƙananan shekaru, yawan haihuwa, shan taba, da kuma yawan abokan kwana, ko daga wajen matar ko daga wajen mijin.

Me ya sa ta fi kashe matan ƙasashe matalauta?

Shekara 100 da suka wuce wannan cuta tana cikin manyan masu kashe mata a Amurka da Turai. Wani likita ɗan ƙasar Girka da ke aiki a Amurka, George Papanicolaou, ya gano cewa idan aka shafo ɗan abu daga bakin mahaifa aka duba da madubin likita, ana iya ganin ƙwayoyin da suka fara lalacewa. Daga shekarun 1940 aka fara amfani da wannan gwaji, wanda ake kira gwajin Pap. Ƙasashen da suka riƙa kiran matansu gwaji a kai a kai sun ga mutuwa daga ciwon ta ragu da fiye da rabi.

Gwajin Pap yana bukatar ɗakin bincike, da gwanin duba madubi, da mota mai kai samfuri ta komo da sakamako, da mace mai iya dawowa asibiti sau biyu ko uku. Waɗannan su ne abubuwan da ƙauye ba shi da su. Shi ya sa har yau mata da yawa a Afirka ba a taɓa duba bakin mahaifarsu ba ko sau ɗaya, ko da sun haihu goma. Ƙwayar cutar iri ɗaya ce a Landan da Langtang. Bambancin shi ne, a wani wuri ana kama ta tun tana share fage, a wani wuri kuma sai ta gama ɓarna.

Yanzu hanyoyi sun sauƙaƙa. A ranar 17 ga Nuwamba, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da wannan cuta. Ta sa buri uku da ake so kowace ƙasa ta kai kafin 2030: a yi wa kashi 90 cikin 100 na 'yan mata allura kafin su cika shekara 15, a gwada kashi 70 cikin 100 na mata kafin su cika 35, a sake kafin su cika 45, a kuma yi wa kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka sami matsala a jikinsu magani. Bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya.

Hanya ta fari: allura domin 'yan mata

An fara amfani da allurar rigakafin HPV a shekarar 2006. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta. Abin da ke ciki kamar ɓawon ƙwayar ne, babu komai a tsakiya. Jiki yana ganinsa ya koyi yadda zai yaƙe ta, sa'an nan idan ta gaske ta zo bayan shekaru, sai ta tarar a shirye yake.

Allurar tana hana kamuwa ne, ba ta warkar da wadda ta riga ta ɗauka. Shi ya sa ake yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, tun kafin su san namiji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

An ga amfaninta a fili. Ingila ta fara yi wa 'yan makaranta a 2008. Wani bincike da aka buga a 2021 ya nuna cewa a cikin waɗanda aka ba allurar suna da shekara 12 ko 13, ciwon dajin bakin mahaifa ya ragu da kashi 87 cikin 100. A Afirka, Ruwanda ce ta fara yi wa 'yan matan ƙasarta duka, a 2011, kuma a shekarar fari ta kai ga fiye da 9 cikin kowace yarinya 10 da aka nufa.

Da fari ana yin allura uku, daga baya biyu. Binciken da aka yi a Kenya da waɗansu ƙasashe ya nuna allura ɗaya tana ba da kariya mai ƙarfi, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haka a 2022. Wannan ya sauƙaƙa wa ƙasashe matalauta ƙwarai. Yarinyar da ke ɗauke da ƙwayar ƙanjamau dai tana bukatar aƙalla biyu, idan da hali uku.

Nijeriya ta fara bayar da allurar a ranar 24 ga Oktoba, 2023, a waɗansu jihohi, sa'an nan ta kai sauran jihohin a watan Mayu, 2024. Allura ɗaya ce a dantse, kyauta ce a asibitocin gwamnati, kuma ta shiga jerin alluran rigakafi na yau da kullum. Idan 'yarki ta kai shekara 9 ba a yi mata ba, ki tambaya a asibitin da kike kai jarirai awo. 'Yan'uwa da ke Nijar, Kamaru, Cadi ko Gana su tambayi ma'aikacin lafiyar yankinsu yadda tsarin ƙasarsu yake.

Jita-jitar da ake yaɗawa

Wasu sun ce allurar tana hana haihuwa. An raba fiye da allura miliyan 500 a duniya tun 2006. 'Yan matan da aka fara yi wa sun girma, sun yi aure, sun haihu. Kwamitin masana da ke bin diddigin lafiyar alluran rigakafi ya duba wannan zance bai sami wata shaida ba. Abin da ke hana haihuwa shi ne ciwon kansa, domin idan ya kama, sau da yawa sai an cire mahaifa.

Wasu sun ce za ta buɗe wa yarinya ido ta lalace. An bincika wannan ma a ƙasashe dabam dabam, ba a ga 'yan matan da aka yi wa allura sun riga sauran fara bin maza ba. Tarbiyya aikin iyaye ce, allura ba ta ƙara ta, ba ta rage ta. Yarinyar da ta tsare kanta har ranar aure ma tana bukatar allurar, domin ba ta san abin da mijin zai zo da shi ba, shi ma mai yiwuwa bai sani ba.

Abin da yakan faru bayan allurar shi ne ɗan zafi ko kumburi a dantse, wani lokaci ɗan zazzaɓi ko ciwon kai na kwana ɗaya ko biyu. Wasu yaran sukan ji jiri saboda tsoron allura, shi ya sa ake sa su zauna minti 15 kafin su tafi. A ba yarinya abinci kafin ta je.

Hanya ta biyu: gwaji domin iyaye mata

Matan da suka wuce shekarun allura, gwaji ne kariyarsu. Ana yin gwajin ne ga mace mai lafiya, wadda ba ta jin komai. Wannan shi ne abin da ya fi wuyar karɓa a wurinmu, domin mun saba sai ciwo ya kwantar da mutum ake zuwa asibiti.

Ana so kowace mace ta fara gwaji daga shekara 30. Mai ɗauke da ƙwayar ƙanjamau ta fara daga 25. Gwauruwa, da wadda aurenta ya mutu, da wadda ta daina haihuwa, duk suna bukata. Wadda ta haura 50 ba a taɓa gwada ta ba, ita ma ta je ta tambaya.

Gwajin da aka fi samu a ƙananan asibitoci ma'aikatan lafiya suna kiransa VIA. Mace za ta kwanta a ɗaki a rufe. Nas ko ungozoma za ta sa wani ɗan abu mai kama da bakin agwagwa domin ta ga bakin mahaifa da fitila. Sai ta shafa ruwan binega, wato ruwan tsamin nan da ake sa wa abinci, wanda aka auna ƙarfinsa. Bayan minti ɗaya, wurin da ya fara lalacewa yakan yi fari. Babu yanka, babu allura. Akwai ɗan rashin daɗi, amma bai kai awon ciki da ake yi lokacin naƙuda ba. A ranar za ki ji sakamako. Idan ba a ga komai ba, sai ki koma bayan shekara 3.

Gwaji na biyu shi ne na neman ƙwayar HPV kanta. Ya fi na binega gano matsala, shi ne kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi so a yi inda akwai shi. Ana shafo ɗan ruwa da tsinke mai auduga a kai, a kai wa na'ura. A waɗansu wurare ana ba mace tsinken ta shiga ɗaki ta shafo da kanta, ba wanda zai ga tsiraicinta. Idan ba a sami ƙwayar ba, sai bayan shekara 5 zuwa 10. Mai ɗauke da ƙwayar ƙanjamau ta sake bayan shekara 3 zuwa 5. Gwajin Pap kuma yana nan a manyan asibitoci.

An gwada waɗannan hanyoyi a ƙauyuka masu kama da namu. A gundumar Dindigul ta ƙasar Indiya, nas-nas sun bi ƙauyuka suna gwajin binega. Sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna mutuwa daga ciwon ta ragu da kashi 35 cikin 100. A gundumar Osmanabad, a Indiya dai, an bi mata fiye da 130,000. Sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna gwajin HPV sau ɗaya tak ya rage mutuwa da kusan rabi. A Zambiya an fara irin wannan aiki a 2006, nas-nas ne suke gwaji su yi magani. A Kamaru, sashen lafiya na Ikilisiyar Baftis ya fara nasa shirin a 2007, shi ma a hannun nas-nas, ya kuma gwada dubban mata. Aikin bai tsaya jiran babban likita ba.

Idan an ga wani abu

Idan nas ta ce ta ga fari, kada gabanki ya faɗi. Yawanci ba ciwon daji ba ne, share fagen nan ne, kuma an kama shi a kan lokaci. Ana kashe wurin ta hanya biyu. Ko a ɗora masa wata 'yar na'ura mai zafi na ƙasa da minti ɗaya, ko a daskarar da shi da iska mai sanyi ƙwarai. Na'urar zafin ƙarama ce, akwai mai aiki da batir, ana iya zuwa da ita ƙauye. Ba a sa mace barci, za ta ji kamar murɗawar mara irin ta al'ada, ta tashi ta koma gida da ƙafarta. Idan wurin yana da faɗi, sai a tura ta babban asibiti a yanke ɗan wurin da wata siririyar waya. Mahaifa tana nan, mace tana iya ci gaba da haihuwa. Mai ciki ta faɗa wa nas tun kafin a fara.

Bayan magani ruwa zai riƙa fita har wajen wata ɗaya. A wannan lokaci kada a sadu, kada a cusa komai, domin wurin ya warke. Idan jini mai yawa ya zo, ko zazzaɓi, ko ruwa mai wari, a koma asibiti nan da nan. Bayan shekara ɗaya a koma a sake dubawa.

Alamun da ba a jira da su

Idan ciwon ya riga ya kama, yakan nuna waɗannan alamu:

Jini bayan saduwa.
Jini tsakanin al'ada da al'ada.
Jini bayan mace ta daina al'ada, ko da ɗigo ɗaya ne.
Ruwa mai wari ko mai haɗe da jini wanda ba ya jin magani.
Ciwon mara ko na baya wanda ba ya tafiya, ko zafi lokacin saduwa.
Idan ya yi nisa: rama, kumburin ƙafa, yoyon fitsari ko na bayan gida.

Waɗansu cututtukan ma suna kawo irin waɗannan alamu, saboda haka ganinsu ba ya nufin lalle ciwon daji ne. Sai an duba za a sani. Abin da ke cutar da mata da yawa shi ne a kira komai ciwon sanyi, a yi wata shida ana shan kafso daga kemis ba wanda ya duba. Cusa ganye, kanwa ko wani haɗi ba ya magani, yana ƙara rauni. Yankan gishiri yana iya jawo zubar jini da yoyon fitsari. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa: ki faɗa wa nas abin da kike gani, ki roƙa a duba bakin mahaifa.

Ciwon da aka kama da wuri ana warkar da shi, ta wurin aiki a cire mahaifa, ko gashi da na'ura haɗe da magani. Na'urorin gashin suna manyan asibitoci kaɗan ne, kamar asibitin koyarwa na Shika a Zariya da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, tafiya da jinya kuma suna cin kuɗi mai yawa. Kuɗin gwaji bai kai ko kusa da wannan ba. Wadda ciwonta ya wuce magani kuwa, har yanzu akwai abin yi mata: maganin rage zafi, wanka, tsabtar shimfiɗa, da zama kusa da ita. Warin ciwon yakan sa a ware mace a ɗakin baya ita kaɗai. Ba a ɗaukar ciwon daji ta wurin jinya. Kada mu guje ta.

Magana ga maza

Maigida, wannan zance naka ne. Maza suna ɗaukar ƙwayar su kai gida ba su sani ba, kuma tana kawo wa maza ma ciwon daji a maƙogwaro, a dubura ko a gaba, ko da yake bai kai na mata yawa ba. Riƙe amanar aure yana rage haɗari ga kai da iyalinka. Kwaroron roba yana ragewa, amma ba ya tarewa duka, domin bai rufe dukan fata ba.

A gidaje da yawa mace ba ta fita sai da izininka, ba ta da kuɗin mota sai ka ba ta. Idan ta ce za ta gwaji, kada ka ce ai lafiyarta ƙalau. Lokacin da take lafiya shi ne lokacin gwajin. Idan an yi mata magani aka ce a dakata wata ɗaya, ka yi haƙuri. Idan takardar allura ta zo daga makaranta, ka sa hannu. Ka bar 'yarka ta girma ta yi karatu kafin ka aurar da ita.

Abin da za mu iya yi tare

Zumuntar Mata ta aiki mata biyu zuwa asibiti mafi kusa su tambayo: ana gwajin bakin mahaifa a nan? Wace rana? Nawa ne? Mace ce take yi? Idan an ga matsala, a nan ake magani ko sai an tura mutum? Su kawo amsa ga taro.

A rubuta sunayen 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a ƙauye, a san wadda aka yi wa allura da wadda ba a yi wa ba. A nemi waɗanda ba sa zuwa makaranta, masu talla da masu kiwo, domin su ne aka fi tsallakewa.

A gayyaci nas ko ungozoma ta yi bayani, mata a zama ɗaya, maza a wani, domin kowa ya sami sakewa ya yi tambaya.

A sa rana ɗaya a tafi gwaji a ƙungiya, mota ɗaya. Bayan girbi ya fi, lokacin da aikin gona ya ragu, akwai kuma ɗan kuɗi a hannu. Matan shugabanni su fara shiga, sauran za su bi.

A ware wani abu daga adashi ko asusun taimako domin kuɗin motar wadda aka tura babban asibiti. Mata da yawa ana gano matsalarsu, amma rashin kuɗin mota ya hana su ƙarasawa.

A gayyaci maƙwabta duka, kowane addini, kowace ƙabila. A kuma riƙe sirri. Sakamakon mace nata ne, ba na hira a bakin rijiya ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Da wane suna ake kiran irin wannan ciwo a ƙauyenmu? Me mutane suke cewa yana kawo shi?
2. Idan mace ta ga jini ba lokacinsa ba, wa take fara faɗa wa? Ina ake fara kai ta?
3. Me zai hana mace mai lafiya zuwa gwaji a nan: kunya, kuɗi, nisa, tsoro, ko rashin izini? Wanne za mu iya magancewa da kanmu?
4. Wace jita-jita muka ji game da allurar? Wa mutane za su yarda da maganarsa idan ya yi bayani?
5. 'Yan mata nawa ne a cikinmu ba a yi wa allura ba? Mata nawa ne suka haura 30 ba a taɓa gwada su ba? Wace rana za mu tafi, wa zai nemo mota?